Man Shanu a Makunnin Motar Kawu

Da ana maido wa mutum kwanakin da suka wuce, uku kawai zan roƙa: wata Laraba da Alhamis da Jumma'a a farkon damina, cikin shekarun da Turawa ke yaƙinsu na biyu, lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba. Cikin kwana ukun nan akwai maganar da ta kamata in faɗa. Gajeruwa ce, numfashi guda ya ishe ta, amma na riƙe ta a baki. Na yi kurakurai da yawa bayan na girma, waɗansu ma sun fi wannan girma a idon mutane, sai dai wannan ne ke zuwa ya zauna kusa da ni duk lokacin da na ji ƙamshin ruwan farko a kan ƙasa. Karatuna ba mai zurfi ba ne, allo ne da shekara uku a lakwal, makarantar boko ta Madawa, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Ranar Talata ce, azahar ta gota, ina bayan gari da awakinmu ina kakkaɓo musu ƴaƴan gawo da suka rage, sai na ji ruri daga kudu. Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta tashi daga Madawa ta nufi Buza, a bakin wata ƙorama da ke bushe wata tara cikin shekara. A zamanin sai a yi wata guda mota ba ta wuce ba, don yaƙi ya sa man mota ya yi wuya. Na bar awaki suka shiga inda suka ga dama, na sheƙa a guje, ƙaya na sukata ban tsaya cirewa ba, domin na san ruri ɗaya ne ke tsayawa a ƙofar gidanmu. Kawu Abarshi ne, ƙanen Inna, da babbar motarsa mai launin toka, bayanta cike da buhuna an lulluɓe su da tanti.

Kawu Abarshi ya yi soja, can ya koyi tuƙi, da ya dawo aka ɗauke shi shofer a Madawa. Dogo ne, siriri, ga dariya, hannunsa kullum da baƙin mai a gindin farce. A wurina babu mutum kamarsa a duniya. Mu yaran ƙauye wasanninmu su ne langa da kokawa a yashin ƙorama da harbin ƙadangaru, amma ni tun ranar da na fara ganin motar nan sai na koma ƙera tawa da karan dawa. Ina fere ɓawon kara in yi gangar jiki, in yanka totuwa in haɗa da ƙayar aduwa, in yi ƙafafu da fasasshiyar ƙwarya, in ja ta daga rumbu zuwa turken jaki ina ruri da baki har Inna ta ce in fita mata daga kunne. Kawu ya sa mini suna shofer na kara. A zuwansa na baya ya yi mini alkawari, in na yi hankali, wata rana zai zaunar da ni a gaba kusa da shi har Buza. Wannan alkawari na kwanta da shi na tashi da shi wata huɗu.

Ran nan ba shi kaɗai ya zo ba. Daga ɗaya ƙofar wani tsoho ya sauko a hankali, gajere, farin gemu, da taguwar saƙi da ta sha faci. Sunansa Baba Nomau, dattijon wani ƙaramin ƙauye ne a kan duwatsu can bayan Karofane. Shekarar da ta gabata fara ta sauka musu ta cinye gonaki, yunwa ta sa suka ci har irin da suka ɗaure a saman rumbu. Shi suka tura Madawa, ya yi kwanaki yana zaman jira, har aka ba su irin hatsi daga rumbun tsimi, aka ba Kawu mai aka ce ya kai musu. Buhunan da ke bayan motar nan su ne shukar ƙauye guda. Tsohon kafin ya gaisa da kowa sai da ya zagaya ya taɓa tantin, ya tabbata igiya ba ta kwance ba.

Niyyar Kawu ya sha fura ya wuce. To, da ya zo kashe motar sai na ga yana fama da kile, wato ɗan mabuɗin da ake sawa a makunni, wanda masu mota suke kira kontak. Ya murɗa ya ƙi, ya sa hannu biyu, ya yi tsaki ya ce, "Wanga kile sai ya karya mini yatsa wata rana. Ya yi tauri awa fatar raƙumi." Na ji maganar, na ajiye ta. Ba su gama furar ba gabas ta haɗe, iska ta taso ta kwashe tabarmi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko ke nan na shekarar, kuma mai yawa. Ƙorama ta cika ta tare hanya. Kawu ya ce sai da safe in ta janye. Baba Nomau ya tsaya a bakin zaure, ruwa na fantsamar masa a ƙafa, fuskarsa duk murna, ya ce hadarin nan ta wajen garinsu ya biyo, ba shakka su ma sun samu. "Gobe war haka," in ji shi, "iri na cikin ƙasa."

Ruwa ya ɗauke kafin magariba. Maza suka tafi kallon ƙorama, mata na tattara kayan da suka jiƙe. Ni kuwa maganar Kawu na kaina. A gidanmu duk abin da ya yi tauri maganinsa ɗaya ne. Igiyar guga in ta bushe, takalmin fata in ya ƙandare, kaushin ƙafar Inna, duk man shanu ake shafawa su yi laushi. Na shiga ɗakin Inna na lakato mai daga ƴar ƙwaryar da take ɓoyewa a cikin tukunya, na zare allurarta daga jikin zana, na fita na hau motar. Kawu ya cire kilen ya rataya a wuya, ramin na nan buɗe. Na dinga cusa man da yatsa, ina tura shi ciki da allurar, ina jin daɗi a raina, ina cewa gobe Kawu zai murɗa ya ji laushi ya tambaya wa ya yi wannan aikin kirki. Ina cikin turawa allurar ta maƙale. Na ja ta ƙi, na lanƙwasa ta gefe, sai na ji ƙas. Rabi ya rage a hannuna, tsinin ya tsaya a ciki. Na goge bakin ramin da gefen rigata, na jefa guntun a cikin ƙorama, na koma gida na ci tuwo.

Da safe ƙorama ta janye, gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi baƙi. Kowa na gaggawar ɗaukar sungumi, amma aka tsaya a ga tashin mota. Kawu ya sa kile ya murɗa, ya juya sumul. Ya ɗaga gira ya ce, "Kai, yau ruwa ya gyara masa hali." Na kusa in yi tsalle in ce ni ne. Ya sauko ya zura manibel, ƙarfen da ake murɗawa a gaban mota don ta tashi, ya murɗa sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Motar ta yi gurnani ta yi shiru. Samarin gari suka karɓa ɗaya bayan ɗaya har tafin hannunsu ya yi ja. Ba ta tashi ba. Tsallen da na so in yi ya koma ciki.

Baba, mahaifina, ya ce a haɗa jakuna a kai irin. Amma jakunanmu a ƙarshen rani ƙashi ne da fata, tafiyar kuma kwana biyu ce a kan dutse, ga shi kowane gida na bukatar kowane hannu a gona ranar. Kawu ya ce ruwa ne ya jiƙa wayoyi, kafin hantsi za su bushe, mota kuwa rabin yini ya ishe ta. Baba Nomau ya duba jakunan, ya duba motar, ya ce zai jira. Ya durƙusa ya soka ɗan yatsa a ƙasa, ya ciro shi da laka har gindi, ya nuna mini yana murmushi. "Ka gani, abokina? Akwai sauran lokaci." Da na yi magana a wannan sa'ar, ko da Kawu bai iya gyarawa ba, da jakuna sun tashi.

Muka tafi gona. Baba na gaba yana saran rami da sungumi, ni da Inna muna biye da ƴan ƙore a hannu, a ɗebi ƙwaya da yatsa uku a jefa, a rufe da diddige. Aiki ne da nake so, don ƙasar na da sanyi a ƙafa, ga jan ƙwaron damina ya fito kamar an yayyafa jini, ga mata na guɗa daga gona zuwa gona. Ran nan ban ji daɗin komai ba. Muna cikin layi Inna ta juyo ta ce, "Shaibu, ka ga allurata? Jiya na soke ta a zana." Allura a shekarun nan ba abin wasa ba ce. Fatake sun daina kawowa, gida uku na unguwarmu da tata suke ɗinki. Na dubi ƙasa na ce ban gani ba. Ta ce to ruwa ne ya tafi da ita. Komai ranar ruwa aka ɗora wa.

Da muka dawo da la'asar na iske Kawu ya buɗe murfin inji, ya shimfiɗa zanen Inna a ƙasa ya jera ƙarafa. Ya fara da mai: ya kwance bututu ya hura, ya ɗanɗana ya tofar, ya ce mai na zuwa kuma ba ruwa a ciki. Ya koma kan buji, waɗansu ƴan fararen abubuwa guda huɗu masu kama da kan tulu, waɗanda wuta ke tsalle a bakinsu ta kunna man. Ya ciro su ɗaya-ɗaya, ya kankare da wuƙa, ya ɗora guda a jikin inji, ya rufa bargo a kansa don ya sami duhu, ya sa wani saurayi ya murɗa manibel. Ya daɗe a ƙarƙashin bargon. Ya fito yana zufa ya ce ba wuta ko ƙyas. Ya bi wayoyi da yatsa tun daga buji har inda suka fito, wani baƙin akwati da ake kira manyato, wanda shi ke haifar wutar. Ya tsaya yana kallonsa kamar mai kallon rijiya mai zurfi. A soja an koya masa tuƙi da canjin ƙafa da gyaran buji, amma manyato sai makanise, mai gyaran inji, ke taɓawa, makanisen kuwa yana Madawa. Makunni ko kallonsa bai yi ba. Me zai sa ya zarge shi, alhali tun da ya san motar bai taɓa juyawa da daɗi kamar ranar ba? Aikina ne ya ɓoye ɓarnata.

Ranar Alhamis da sassafe Baba Nomau ya sake soka yatsa. Gaɓa ɗaya ta fito a bushe. Ya zauna a gindin buhuna har rana ta ɗan ɗaga, sai ya miƙe ya ce wa Baba a ba shi sungumi, shi ba zai iya zama ba ƙasa na jiƙe. Baba ya ce haba, baƙo, kuma dattijo. Ya ce, "In ban shuka tawa ba, ai sai in shuka taka. Hannuna ƙaiƙayi yake yi." Haka aka yi, ni aka sa in bi bayansa da iri. Saransa ɗaya ne, taku ɗaya sara ɗaya, layinsa kamar an ja igiya. Yana tafe yana ba ni labarin garinsu, yadda suke kwashe duwatsu su jera su a gefen gona don su tare ruwa, yadda jikarsa Hajo, tsarata, ta iya shuka fiye da maza. Ya juyo ya ga ina zuba ƙwaya da yawa, ya ce, "Abokina, rage hannu. Wanda ya taɓa cin irinsa ba ya zuba shi haka." Da rana ta take na kawo masa ruwa a buta, ya sha, ya shafa kaina, ya ciro goriba guda daga aljihu ya ba ni ya ce, "Ɗan albarka." Goribar nan ban iya ci ba. Na tura ta a ƙarƙashin rumbu.

Kawu ya yi ta-maza ya kwance manyaton ranar. Ya ɗora shi a faifan Inna a rana kamar ana shanya kuka, ya goge cikinsa da gashin kaza, ya mai da shi, abin da ya ci masa yini guda don sai haƙoransa sun zauna daidai inda suke. Inna ta kawo masa fura ya manta da ita har ƙuda suka rufe ta. Ta ce, "Abarshi, mato ɗin nan dai kishi take da ni, ba ta son ka bar gidana." Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba ya ce, "Yaya, in ta kwana uku nan sai ki ɗaura mata turke." Gab da magariba aka murɗa, shiru. Ya zauna a matakin motar, ya sunkuyar da kai, hannuwansa na lilo tsakanin gwiwoyi. Na matso har ina jin warin mai a jikinsa. Na buɗe baki zan faɗa. Ya ɗago ya ce, "Shofer na kara, kai ma taka ta ƙi tashi?" ya ja ni ya rungume. Na yi tunanin Buza, na yi tunanin allurar Inna, na yi tunanin wannan hannu da ke kafaɗata zai sauka. Na ce wa kaina ai man shanu ba ya ɓata komai, ruwa ne, kowa ma ya ce ruwa ne. Na haɗiye maganar.

Ranar Jumma'a yatsan Baba Nomau ya shiga gaɓa biyu kafin ya taɓa sanyi, kuma ƙasarmu ta kwari ce, ta fi tasu riƙe ruwa. Ya goge yatsan a taguwa ya tafi ya yi alwala. Kawu ya yanke shawara zai taka da ƙafa zuwa Madawa ya kira makanise. Ya hau motar don ya ɗauki gorar ruwansa, sai muka ji shiru ya yi yawa. Na leƙa. Yana zaune yana kallon wani siririn layi na kiyashi da ya taso daga ƙasa, ya bi ƙafar mota, ya hau allon gaba, ya shige ramin makunni, wani layin kuma na fitowa. Ya ciro kilen daga wuyansa ya kai hanci. Ya sake sunsunawa. Bai dube ni ba. Ya kwanta rigingine ya zura hannu bayan allon, ya kwance wata waya guda ɗaya siririya, ya naɗe bakinta da tsumma, ya sauko ya kama manibel. Murɗa ɗaya motar ta ɗauka, har kaji suka watse. Dukan aikin bai kai lokacin da ake ɗauka a sha ƙwaryar fura ba.

Mutane suka taru suna tambaya mi ya faru. Kawu ya ce kontak ne ya mutu, tsufa ne, laifinsa ne da bai duba shi tun farko ba. Baba Nomau ya riga ya hau. Ya leƙo ta taga ya yi wa Baba godiyar masauki, ya ce Allah ya sa abin da muka shuka tare ya yi albarka, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Abokina, ka kula da layinmu." Suka haye ƙorama da hantsi.

Bayan mako biyu Kawu ya sake biyowa, motar ba kaya. Duk kwanakin nan da wayar a kwance yake tafiya, in zai kashe sai ya taɓa bakinta a jikin ƙarfe. Ya samo wani makunni daga wata mota da ta mutu a Madawa. Ya jira har mutane suka watse gona, ya ce wa Inna ta bar masa ni. Muka hau mu biyu. Ya ba ni hular kansa in riƙe kusoshi. Ya kwance tsohon makunnin, ya zaro shi, ya sa sabon a gurbin, ya ɗaure, ya maida siririyar wayar, yana yi yana bayani a hankali. Ya ce in tuna masu ban ruwan albasa a fadama, yadda suke toshe hanya da laka su karkatar da ruwa. Makunni haka yake. In an kashe, sai ya karkatar da wutar manyato ta zube a jikin mota, ba ta kai wa buji. In an kunna, ya sake ta ta wuce. To in wani ƙarfe ya faɗa ciki ya haɗa hanyar, ko sau dubu aka murɗa kile wutar zubewa take. Ya gwada: a kashe ya murɗa manibel, shiru. Ya ce in juya kilen da hannuna, karo na farko a rayuwata, ya murɗa, ta tashi. Ya ce in mayar, ta mutu.

Sannan ya ɗauki tsohon ya ɓare shi da bakin wuƙa a kan gwiwarsa. Ciki duk daskararren mai ne da yashi da gawar kiyashi. Ya tona, ya ciro tsinin allura, ya ɗora a tafin hannu tsakanina da shi. Hawaye suka zubo mini, na jira mari. Ya ce, "Kai ka so ka taimake ni, na sani. Mato ba ta shan man shanu, shi ke nan, wanga ba komai ba ne, ko ni na ɓata abin da ya fi shi. Amma Shaibu, da ka faɗa mini ran Laraba da safe." Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabuwar allura a soke a ɗan ƙyalle, ban san inda ya samo ta ba a wannan zamani, ya ce in kai wa Inna, in kuma gaya mata da bakina inda tata ta tafi. Na kai, na faɗa. Inna ta daɗe tana kallon allurar, ta ce in je in ba awaki ruwa. Alkawarin Buza kuwa bai fasa ba, ya kai ni da kaka ta yi. Wannan ya fi mari zafi.

A hanyar Buza ɗin ne na tambaye shi labarin Baba Nomau. Ya so ya kauce, na nace. Ya ce sun isa ranar Jumma'a da la'asar, mutanen gari na tsaye a bakin hanya tun Laraba da sungumansu. Ƙasar kan dutse ta riga ta bushe. Sun shuka ƴan gonakin kwari, sauran sai da suka jira ruwa na biyu, wanda ya yi jinkiri sosai. Damina kuma ta ɗauke da wuri. Namu hatsin, wanda tsohon ya sara wa rami, ya cika rumbu. Nasu ya fid da kai bai cika ido ba. Gidaje da dama suka ɗaure kaya suka yi kudu cin rani, har da ɗan Baba Nomau da jikarsa Hajo, waɗansu ba su dawo ba. Na sani ba ni na hana ruwa ba, ba ni na aiko fara ba, malamai sun gaya mini haka, na kuma yarda. Amma na san kwana biyu da rabi na damshi a hannuna suke. Da na girma na fara tuƙi da kaina, na nemi ƙauyen na je. Aka nuna mini kabarinsa da duwatsu jere a gefe kamar na gonarsa. Ya tafi yana ce mini ɗan albarka, ban taɓa ba shi damar ya yafe mini ba.

Yanzu hanyar nan mota ba ta yankewa a kanta, yara ma ba su ɗaga kai. Makunni in ya lalace akwai shi a kasuwar Madawa, yaro ya je a kan babur ya dawo kafin a sauke tukunya, allura kuwa in ta faɗi ba mai sunkuyawa. Jikokina sun iske tsohon makunnin, wanda Kawu ya bar mini, a cikin akwatina, sun tambaya me zan yi da ruɓaɓɓen ƙarfe, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ina kewar Kawu Abarshi, ina kewar zamanin da ruri ɗaya ke fid da gari duka waje, ina kewar tsohon da na yi yini ɗaya tak ina bin sawunsa.

Ku da za ku karanta, yara da manya, abu ɗaya nake roƙo. Za ku ɓata abu, kowa na ɓatawa, sau da yawa ma da kyakkyawar niyya. In kuka ga wani na wahalar neman abin da ku kuka san inda yake, kada ku yi irin nawa. Ku faɗa tun da safe, tun ƙasa na da damshi.